Zaɓen Iri

Kowace kaka nakan zauna bakin rumbu
in ware zangarniyar da ta cika ido,
in ɗaure ta daban, in rataye a zaure.
Mai domana da mai ɓawo, rabon awaki.
Ban taɓa neman gafara kan wannan ba.

A asibitin Ringim, Malama Kubura
ta ajiye ƙoƙo biyu a kan tebur,
kowanne da wake biyu, fari da ja.
"Wannan naka, wancan na Saude.
Kowane ciki, hannu kan shiga ido a rufe,
ya ɗauko ɗaya nan, ɗaya can.
Fari da fari, lafiya lau.
Fari da ja, irinku ne, yana ɗauke bai sani ba.
Ja da ja, shi ne sikila."
Sai ta dubi gado
inda Barira ke cizon bakin zane.

Na ce, to ɗaya cikin huɗu, ai mun biya namu.
Ta mai da waken, ta girgiza ƙoƙon.
"Ƙoƙo ba ya tuna jiya, Malam Ilu."

Na shekara ina hararar dangin Saude,
ita tana zargin bakin maƙwabta.
Ashe tare muka haɗa guzurin,
ni rabi, ita rabi, kamar kuɗin taki.

Nafi'u ya biyo baya, ja da ja.
Mun binne shi yana shekara shida,
da damina, ƙasa ba ta wahalar da masu haƙa ba.

Barira ta tsaya.
Ashirin da uku ke nan,
idonta ruwan ƙwai,
ƙashinta kan riga gajimare sanin hadari.
Ita ke riƙe da lissafin adashin matan unguwa,
ita ke karanta mini saƙo a waya,
in na yi kuskuren ƙidaya ta yi mini dariya.

Jiya Tasi'u, babban ɗana, ya dawo daga Kano
da takarda a aljihu.
Shi da matarsa ƙoƙonmu suka gada.
Likita ya ce akwai hanya:
a haɗa nasa da nata a waje, cikin kwalba,
kwana biyar, tun bai kai ƙwayar gero ba,
a duba, a mai da mai lafiya mahaifa.
Kuɗin zai cinye gonar fadama
da shanun huɗa, har da ciko.

Na ce, sauran fa?
Ya ce ana ajiye su a ƙanƙara.
Har yaushe?
Ya dubi takalminsa.

Bayan la'asar na tare liman.
Ya ce neman magani ba ya ture ƙaddara,
shi ma cikinta yake.
Amma zancen sauran, a ba shi mako
ya tambayi na gaba da shi.
Shekara talatin ina bin sa salla,
ban taɓa jin ya nemi mako ba.

Da daddare Barira na ɗinkin hula a hasken tocila.
Ba ta ko ɗago ba ta ce,
"Baba, da akwai wannan rariya a zamaninku,
ni ce dusa ke nan?"

Saude ta fita, wai za ta duba tunkiya.
Ni na nemi miyau a bakina na rasa.

Ta ja zare, ta gutsure da haƙori.
"Ka sayar da fadamar.
Ban yi nadamar zuwa ba, ka sani.
Amma daren da ƙashi ke tafasa
ko ɓarawon akuyarmu ba na yi wa fatansa,
balle ɗan Yaya Tasi'u.
Sai dai in ya zo,
kada kowa ya kira shi zaɓaɓɓe a gabana."

Gobe kasuwar Gujungu.
Na kwance shanun, na sake ɗaure su.
Na shiga zaure ba fitila,
damin iri ya buge ni a goshi.
Na tsaya riƙe da shi
har aka kira assalatu.